Ƙungiyoyi 13 a ƙasashe 7: nazarin ci-ranin Odion Ighalo a fagen tamaula

Idan aka jera ƙungiyoyin da Odion Ighalo ya taka wa leda, tun daga gida Najeriya har zuwa shekarar 2023 da ya koma Al-Wehda ta Saudiyya, za a ƙirga 13 a ƙasashe 7. Prime da Julius Berger a Najeriya, Lyn a Norway, Udinese da Cesena a Italiya, Granada a Sifaniya, Watford da Manchester United a Ingila, Changchun Yatai da Shanghai Shenhua a ƙasar Sin, sai Al-Shabab da Al-Hilal da Al-Wehda a Saudiyya. Mai kallon wannan jeri daga nesa hukunci biyu yake yankewa: ko dai ɗan wasan ba shi da zama, ko kuwa kuɗi kawai yake bi. Duka biyun an jefe shi da su, wani lokacin ma a bakin mutum ɗaya.

Amma in aka zauna aka bi sawun tafiyar daki-daki, sai a ga ta rabu gida biyu, kuma ba su yi kama da juna ba. A kashin farko, daga 2008 zuwa farkon 2017, kusan shekara tara, ya sa rigunan ƙungiyoyi 4 a ƙasashe 3 alhali bai taɓa fita daga hannun iyali ɗaya ba. Wasu ne ke yanke inda zai kwana. A kashi na biyu, daga Janairun 2017, shi ne ya fara zaɓa wa kansa. Wannan rabuwa ita ce abin dubawa a lamarin Ighalo, domin ita ke nuna yadda sana'ar ɗan wasan gaba take gudana ga wanda ba ya cikin 'yan tsirarun taurarin da duniya ke rububi a kansu.

Daga Ajegunle zuwa Oslo

An haife shi a Legas ranar 16 ga Yunin 1989, ya tashi a Ajegunle, unguwar da ta yi suna wajen talauci da kuma fitar da 'yan ƙwallo. Bayan Prime da Julius Berger, ya tafi Norway a 2007 yana ɗan shekara 18, ya shiga Lyn ta birnin Oslo. Ba shi ne ɗan Najeriya na farko a can ba, John Obi Mikel da Chinedu Obasi sun riga shi bi ta wannan ƙofa. Ƙananan ƙungiyoyin arewacin Turai sun daɗe suna rayuwa da wannan ciniki: a ɗauko yaro daga Afirka da araha, a goge shi, a sayar wa na gaba da riba. Ighalo bai wuce kimanin shekara ɗaya ba a Lyn, ya ci ƙwallayen da suka isa su ja hankalin masu farautar 'yan wasa, kuma a tsakiyar 2008 Udinese ta saye shi. Ita kanta Lyn ɗin ta durƙushe saboda bashi a 2010.

Gidan Pozzo

A nan ne ya kamata a ɗan daɗe, don wanda bai fahimci Udinese ba ba zai fahimci rabin rayuwar Ighalo ba. Giampaolo Pozzo ya mallaki Udinese tun 1986. Ƙungiyar ba ta da kuɗin Juventus ko na Milan, saboda haka ta mayar da hankali kan abu ɗaya: ta baza masu sa ido a Afirka da Kudancin Amurka da gabashin Turai, ta riƙa sayen matasa da yawa fiye da waɗanda za ta iya sa wa riga. A 2009 iyalin suka karɓi Granada ta Sifaniya, a 2012 suka ƙara da Watford ta Ingila. Tsarin ya zama kamar na ɗan kasuwa mai rumfa uku, kayan da bai karɓu a wannan rumfa ba sai a ɗauka a kai waccan, har ranar da mai saye zai zo.

Ighalo ya tarar da Antonio Di Natale da Fabio Quagliarella da Alexis Sanchez a gabansa a Udinese. Yaro ɗan shekara 19 ba shi da gurbi a irin wannan layi. Wasannin da ya buga a Serie A da rigar Udinese ba su taka kara sun karya ba, ƙwallo 1 ya ci. Duk da haka sunansa ya zauna a littafin ƙungiyar shekara 6, yana yi mata aiki a wasu wurare.

A 2009 aka tura shi aro Granada, wadda a lokacin take rukuni na uku a Sifaniya. Ka duba wannan da kyau: wanda ya jagoranci 'yan ƙasa da shekara 20 na Najeriya a gasar duniya ta Masar a wannan shekara, wanda ke da kwantiragi da ƙungiyar Serie A, shi ne aka mayar filayen 'yan dagaji. Da yawa a nan suke karaya. Shi kuwa ya ci ƙwallaye, har da wadda ya zura wa Alcorcon a wasan neman hawa, Granada ta haye rukuni na biyu a 2010. Sai aka ɗauke shi aka kai Cesena a Italiya, inda ya yi rabin kaka yana dumama benci, sannan aka sake mayar da shi Granada a tsakiyar kaka.

A watan Yunin 2011 Granada ta haɗu da Elche a wasan ƙarshe na neman gurbin La Liga. An tashi babu ci a wasan farko. A na biyu, a gidan Elche, aka zura masa doguwar ƙwallo ta bayan masu tsaron baya, ya bi ta da gudu, ya yanke mai tsaron raga, ƙwallon ta ja shi gefe, bai yi gaggawa ba, ya tsaya ya sake gyara ta alhali masu tsaron baya sun dawo suna tare bakin raga, sannan ya jefa ta ciki. An tashi 1 da 1, kuma ƙwallon waje ta ba Granada nasara. Shekara 35 ke nan rabon ƙungiyar da La Liga. Har yau sunansa na da daraja a wannan birni saboda ƙwallayen nan guda biyu.

Sai dai kakanni 3 da ya yi a La Liga bayan haka ba su ɗaga shi ba. Babu kakar da ya kai ƙwallo 10, raunuka sun dame shi, kuma kullum matsayinsa ɗan aro ne. A ganina wannan matsayi yana cin ɗan wasa ta hanyar da alƙaluma ba sa nunawa. Koci ya san ɗan aro ba nasa ba ne, in za a yi haƙuri da wani har ya farfaɗo, da wanda ƙungiya ta zuba kuɗinta a kansa za a yi. Shi kuma ɗan wasan duk ƙarshen kaka bai san ko zai sabunta hayar gida ba, bai san yaren da zai buƙata baɗi ba. Ighalo ya kai shekara 25 a haka.

Ba a daɗe ba hukumomi suka fara taka wa irin wannan tsari birki. A 2013 hukumar ƙananan gasannin Ingila ta toshe ƙofar da Watford ta bi ta cika tawagarta da 'yan aro daga Udinese da Granada. FIFA kuma daga Yulin 2022 ta ƙayyade yawan 'yan wasan da ƙungiya za ta bayar ko ta karɓa aro tsakanin ƙasashe zuwa 8, aka rage zuwa 7, sannan 6 daga 2024, kuma kada su wuce 3 tsakanin ƙungiyoyi biyu. Amma adalci shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren: tsarin Pozzo ne ya ba Ighalo albashi marar yankewa da filin wasa a shekarun da babu wanda ya san shi. Dubban takwarorinsa da suka bar Afirka a lokacin ba su sami ko ɗaya daga ciki ba.

Wata 30 a Watford

A tsakiyar 2014 aka kai shi rumfa ta uku. Ya je Watford a matsayin aro, a watan Oktoba aka mayar da shi na dindindin. Kakar ta zo da rikici, ƙungiyar ta yi koci 3 kafin ta natsu a hannun Slavisa Jokanovic. Ighalo ya fara a hankali, sai a Janairun 2015 abin ya ɓarke: ya ci 4 shi kaɗai a wasan da suka lallasa Blackpool 7 da 2. Ya gama kakar da ƙwallo 20 a gasar Championship, Watford ta zo ta biyu a bayan Bournemouth, ta hau Firimiya. Karo na uku ke nan yana taimaka wa ƙungiyar Pozzo hawa mataki.

Me ya canza? Ƙafarsa dai ita ce. Abin da ya samu shi ne Troy Deeney. Deeney ƙaƙƙarfa ne mai son kokawa da masu tsaron baya, shi ke tsalle ya sauko da ƙwallo, shi ke jan mutum biyu a jikinsa. Ighalo kuma yana laɓe a gefensa yana jiran wadda za ta faɗo. Yana da wata dabara da magoya bayan Watford suka haddace: sai ya ɗaga ƙafa kamar zai sheƙa, mai tsaron baya ya zube a ƙasa don tarewa, shi kuma ya ja ƙwallon da cikin ƙafa zuwa ɗaya gefen ya wuce. Da Quique Sanchez Flores ya karɓi ƙungiyar a Firimiya, ya bar su su biyu a gaba, a zamanin da yawancin masu horarwa suka koma sa ɗan gaba ɗaya.

Watannin ƙarshe na 2015 su ne ƙololuwar rayuwarsa a Turai. Ya ci Liverpool ƙwallo 2 a wasan da Watford ta yi nasara 3 da nema a watan Disamba, aka ba shi kyautar gwarzon wata na Firimiya. A watan Maris na 2016 ya ci Arsenal a Emirates, suka fitar da ita daga kofin FA da ci 2 da 1. Ya gama kakar da ƙwallo 15 a Firimiya.

Amma mafi yawan waɗannan 15 ɗin kafin sabuwar shekara ya ci su. Daga Janairu zuwa Mayu, abin da ya ƙara a lig bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Masu tsaron baya sun kalli bidiyo, sun daina zubewa in ya ɗaga ƙafa. Da Walter Mazzarri ya zo da nasa salon a kakar 2016/17, haɗin da ke tsakaninsa da Deeney ya watse, Ighalo ya ci ƙwallo 1 tak a Firimiya a rabin kakar. Wanda aka yi ta waƙarsa wata 12 da suka wuce ya koma jiran a kira shi daga benci.

Shawarar Janairun 2017

Ga halin da yake ciki a lokacin. Shekararsa 27. Kusan shekara ɗaya ke nan ƙwallo na gudun sa. Darajarsa a kasuwa ta dogara ne kan abin da mutane ke tunawa na 2015, kuma kowane mako da ya wuce bai ci ba, tunawar na dusashewa. Mai tsaron baya ko ɗan tsakiya zai iya yin kaka guda ba a lura da shi ba, farashinsa bai motsa ba. Ɗan gaba ba shi da wannan rufin asiri, lamba ɗaya ake duba masa, kowa kuma ya iya karanta ta.

A daidai wannan lokaci kuɗi ke ambaliya a ƙasar Sin. Oscar ya bar Chelsea zuwa Shanghai SIPG kan kusan fam miliyan 60, Carlos Tevez ya tafi Shanghai Shenhua, Mikel ya tafi Tianjin. A ranar 31 ga Janairun 2017 Changchun Yatai ta sayi Ighalo kan kuɗin da aka ruwaito ya kai fam miliyan 20. Iyalin Pozzo sun ci ribar jiran shekara tara, shi kuma ya sami albashin da babu ƙungiyar Turai da za ta ba ɗan wasan da ya ci ƙwallo 1 a wata 5.

An zage shi sosai. An ce ya kashe kansa, an ce ya sayar da sana'arsa. Ni dai ina ganin wannan ita ce shawara mafi hankali da ya yanke, kuma abin da ya biyo baya ya nuna haka. Wata 5 kacal bayan tafiyarsa, a tsakiyar 2017, hukumar ƙwallon Sin ta sa harajin kashi 100 cikin 100 kan sayen baƙin 'yan wasa masu tsada, wato duk abin da ka biya sai ka sake biyan irinsa. A ƙarshen 2020 aka ƙayyade albashin baƙo kada ya wuce yuro miliyan 3 a shekara. A Fabrairun 2021 Jiangsu, wadda ta ɗauki kofin lig watanni kaɗan kafin nan, ta rufe ƙofa gaba ɗaya. Ƙofar da ya shiga ta kusa rufewa, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ba na cewa ya hango duk wannan. Abin da ya sani shi ne shekarunsa, da halin da ƙafarsa ke ciki, da yawan mutanen da ke ci daga hannunsa, kuma waɗannan sun isa. A Disambar 2017 ya buɗe gidan marayu a Legas da kuɗinsa.

Akwai abin da ya rasa, ba za a ɓoye ba. Ya bar gasar da duniya ke kallo a shekarun da ɗan gaba ke kan ganiyarsa, kuma ba wanda zai iya cewa da ya zauna a Turai ba zai farfaɗo ba. Changchun gari ne mai tsananin sanyi a arewa maso gabashin Sin, ƙungiyar kuma ba ta cikin manya. Amma bai je ya kwanta ba, kamar yadda wasu manyan sunaye suka yi. Ya ci 15 a kakar 2017, ya ci 21 a 2018, Wu Lei kaɗai ya fi shi a wannan shekara. Duk da haka Changchun ta faɗi daga gasar. Ƙwallo 21 ba su ceci ƙungiyar da bayanta ke yoyo ba, amma sun ceci farashinsa: a Fabrairun 2019 Shanghai Shenhua ta ɗauke shi, kuma kocinta a lokacin Quique Sanchez Flores ne, wanda ya san shi tun Watford. Irin wannan zumunci na tsohon koci yana daga cikin jarin ɗan ci-rani, sau da yawa ma ya fi dillali amfani.

Saint Petersburg da abin da ya biyo baya

Zamansa a Sin bai hana kocin Najeriya Gernot Rohr kiran sa Super Eagles ba. Ya fara buga wa Najeriya a 2015, kuma ƙwallonsa ta farko bugun fenareti ce a ragar Chadi a Kaduna. Amma daren da ya manne wa sunansa shi ne na 26 ga Yunin 2018, a birnin Saint Petersburg, a gasar cin kofin duniya ta Rasha.

Najeriya na buƙatar canjaras kawai da Ajantina don ta wuce. Messi ya ci, Victor Moses ya farke da fenareti. Ighalo ya shigo bayan hutun rabin lokaci. Ahmed Musa ya kwararo ƙwallo daga hagu, Marcos Rojo ya sa kai ta bugi hannunsa, ta faɗo gaban Ighalo, ya ɗauke ta tun ba ta sauka ba, ta wuce gefen raga. Alƙalin wasa ya je ya kalli na'urar VAR ya ce babu fenareti. Mintuna kaɗan bayan haka ya sake samun dama, mai tsaron raga Franco Armani ya tare. A minti na 86 Rojo ɗin nan ya ci ta biyu, Najeriya ta kwashe kayanta.

Abin da aka yi masa bayan wannan wasa abin kunya ne gare mu. Zagi dai an saba, amma shi da bakinsa ya bayyana cewa an aika wa iyalinsa barazanar kisa ta kafafen sada zumunta, har ya yi niyyar barin tawagar, Rohr ne ya lallashe shi. Mutum ya ɓarar da ƙwallo, wannan gaskiya ne, kuma ya cancanci a soki wasansa. Amma matarsa da 'ya'yansa ba su shiga fili ba. Ina kuma zargin cewa zamansa a Sin ya ƙara wa wutar fetur, domin da yawa sun riga sun yanke cewa wanda ke wasa a can bai cancanci rigar ba, suna jiran hujja ne kawai.

Amsar da ya bayar a fili ya ba da ita. A Oktoban 2018 ya ci Libiya 3 a Uyo, kwana kaɗan bayan haka ya ƙara mata 2 a Sfax ta Tunisiya. Ya gama wasannin neman gurbin kofin Afirka da ƙwallo 7, babu wanda ya kai shi a nahiyar. A Masar a 2019 ya shigo daga benci ya ci Burundi bayan Ola Aina ya ba shi da dunduniya, ya ci Kamaru 2 a wasan da aka tashi 3 da 2, ya ci Aljeriya da fenareti kafin Riyad Mahrez ya raba gardama da bugun tazara a minti na ƙarshe, sannan ya ci Tunisiya a wasan neman na uku. Ƙwallo 5, takalmin zinare na gasar da Salah da Mane da Mahrez suke ciki. Yana karɓa ya sanar cewa ya daina buga wa ƙasa. Ya dawo a Nuwamban 2021, amma bai je gasar Kamaru ba a Janairun 2022, saboda ƙungiyarsa ta lokacin, Al-Shabab, ba ta sake shi ba.

Shekara ɗaya a Old Trafford

Manchester United ta sayar da Romelu Lukaku ga Inter a Agustan 2019 ba ta maye gurbinsa ba. A tsakiyar Janairun 2020 Marcus Rashford ya ji rauni a baya. Erling Haaland da suka so ya zaɓi Dortmund. Kocin United, Ole Gunnar Solskjaer, na buƙatar ɗan gaba wanda ya san Firimiya, wanda ba zai yi tsada ba, wanda kuma ba zai tayar da hankali ba in an ajiye shi a benci. A ranar 31 ga Janairu, sa'o'i kaɗan kafin a rufe kasuwa, aka karɓi aron Ighalo daga Shenhua. Shi ne ɗan Najeriya na farko da ya buga wa babbar tawagar United.

Wannan ce kaɗai tafiyar da lissafin kuɗi bai bayyana ta ba. Ya sha faɗa cewa tun yana yaro a Ajegunle United yake goyon baya, yana biyan kuɗi a gidan kallo don ya ga wasanta, kuma ya amince a rage masa albashi don cinikin ya yiwu. Saboda cutar korona da ta ɓulla a Sin, sai da ya yi makonni biyu yana atisaye shi kaɗai kafin a bar shi ya shiga filin atisayen ƙungiyar.

Wasanni 4 na farko da aka fara da shi, duk ya ci: Club Brugge a gasar Europa, Derby County sau 2 a kofin FA, LASK, sai Norwich. Ta LASK ɗin ta cancanci a sake kallo. Ranar 12 ga Maris ce, a birnin Linz na Ostiriya, filin babu 'yan kallo saboda annoba. Bruno Fernandes ya cillo masa ƙwallo a bakin da'ira, ya tare ta a sama, ya riƙa ɗaga ta daga wannan ƙafa zuwa waccan har sau uku ba ta zauna ba, sannan ya narka ta da hagu ta shige can saman raga. Washegari aka dakatar da Firimiya.

An tsawaita aron zuwa ƙarshen Janairun 2021, kuma a nan ne nake ganin zuciya ta rinjayi lissafi. Da aka dawo wasa Rashford ya warke, Martial da Greenwood na ci, a watan Oktoba kuma Edinson Cavani ya iso. Ighalo ya yi watanni kusan ba ya taka fili, yana ɗan shekara 31. Ya tafi da ƙwallo 5 a wasa 23, babu ko ɗaya a Firimiya. United ta sami abin da ta nema, wato wanda zai riƙe mata wuri na ɗan lokaci. Shi ma ya san matsayin da aka ɗauke shi a kai, kuma ba a taɓa jin ya yi ƙorafi a bainar jama'a ba. Wannan hali na daga cikin dalilan da ƙungiyoyi ke ci gaba da kiran irinsa, domin masu horarwa suna tambayar juna halin mutum kafin su tambayi ƙafarsa.

Akwai wani abin lura a kwanakin tafiye-tafiyensa. Changchun, Shenhua, United, Al-Shabab, Al-Hilal, duk a Janairu ko Fabrairu ya koma su. Na Sin biyun sun zo ne daf da fara kakarsu, amma sauran ukun a tsakiyar kaka ne, lokacin da ƙungiya ba ta gina gobe, gyaran ɓarakar yau take nema. Ɗan gaban da zai sauka yau ya ci ƙwallo mako mai zuwa, ba tare da an ba shi wata 6 na sabawa ba, yana da kasuwarsa daban. Shekarun aro a gidan Pozzo, da duk wahalarsu, su suka koya masa wannan.

Saudiyya

Ya isa Al-Shabab ta Riyad a Fabrairun 2021, kusan shekara 2 kafin Cristiano Ronaldo ya zo Al-Nassr ya jawo idon duniya. A ƙarshen Janairun 2022, da Bafetimbi Gomis ke barin Al-Hilal, sai ta ɗauko Ighalo daga maƙwabciyarta. Al-Ittihad ta ba da tazara mai yawa a saman teburi a lokacin, amma Al-Hilal a ƙarƙashin Ramon Diaz ta kamo ta ta ɗauki kofin. Ighalo ya gama kakar 2021/22 da ƙwallo 24 da ya tara a ƙungiyoyin biyu, shi ne kan gaba a gasar. Wannan ne kofin babban lig na farko a rayuwarsa, yana ɗan shekara 33.

Farkon 2023 ya zo da manyan wasanni. Al-Hilal ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya na ƙungiyoyi a Maroko, Real Madrid ta doke ta 5 da 3. A wasan daf da na ƙarshe na gasar zakarun Asiya ya ci Al-Duhail ta Ƙatar ƙwallo 4 a wasan da aka tashi 7 da nema, ko da yake Urawa ta Japan ce ta ɗauki kofin. A watan Afrilu ya ci fenareti 2 a ragar Al-Nassr, Ronaldo na fili, aka tashi 2 da nema. Sun kuma ɗauki kofin Sarki a wannan kaka.

Sai abin da ya faru da wasu a Sin lokacin zuwansa ya faru da shi. A Yunin 2023 asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya karɓi kashi 75 cikin 100 na Al-Hilal da Al-Nassr da Al-Ittihad da Al-Ahli. Cikin makonni Al-Hilal ta kawo Neymar da Kalidou Koulibaly da Ruben Neves da Malcom, ta kuma sayi Aleksandar Mitrovic daga Fulham don gurbin ɗan gaba. Kwantiragin Ighalo ya ƙare, ba a sabunta ba. Bai yi wani laifi a fili ba, kuɗin da suka fi nasa ne suka iso, kuma guraben baƙi ƙidayayyu ne.

Bai nemi komawa Turai don a gan shi ba, bai kuma jingine takalmi ba. A watan Agusta ya rattaba hannu a Al-Wehda ta Makka, ƙungiyar da ba ta cikin huɗun da aka zuba wa kuɗi, wadda burinta bai wuce ta tsira a gasar ba. A can babu Deeney, babu Bruno, ƙwallo ba ta zuwa sau da yawa, kuma masu tsaron bayan da zai kara da su a lokacin irin su Koulibaly ne. Ya ci fiye da ƙwallo 10 a lig a kakarsa ta farko a can, yana ɗan shekara 34.